Ɗakin da Ba a Aunawa

Litinin, 3 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya ƙarfin jikin? Anti ta ce mini a waya hannun hagun ya fara jin magana, har ka rubuta sunanka ba wanda ya riƙe maka alƙalami. Na yi murna ƙwarai. Tunda har yanzu ka ƙi karɓar waya don kada a ji yadda shanyewar jikin nan ta mayar da bakinka, kuma ka rantse kai da allon kwamfuta har abada, to ga takarda. Ka mayar da ni zamanin kakanni, ni da rabona da alƙalami tun ina makaranta.

Ka ce a ba ka labarin ofis. Babu daɗi. Manhajar neman ganin likita da ka gina shekara tara da suka wuce, ita ma ta kwanta. Mutum ya buɗe shafin don ya zaɓi ranar da zai je asibiti, sai ya zauna yana kallon 'yar da'irar nan tana juyawa har sakan goma sha ɗaya. Asibitocin da muke yi wa aiki sun ishe mu da kira. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mini tsofaffi sun daina gwadawa, sun koma zuwa da ƙafarsu suna bin layi a rana. Manaja kuwa ka san halinsa, in ransa ya ɓaci sai ya yi ta buɗe firijin ofis yana rufewa bai ɗauki komai ba.

Ni ya ɗora wa gano inda cutar take. Ban manta karatunka ba: kada ki yi tsammani, ki auna. Na ɗauko sikeli, manhajar awon nan da kai ka kawo mana, mai bin rubutun manhaja layi-layi tana rubuta lokacin da kowane layi ya ci a gefensa. Na kunna shafin a kwamfutata na sake masa ita. Layuka ɗari huɗu da 'yan kai duk fari fat, sai guda ɗaya ya yi jajir. Layi na 88, sakan goma da rabi shi kaɗai.

Layin na Mai Gilashi ne. Ba ka san shi ba, bayan tafiyarka aka ɗauke shi, watansa takwas ke nan. Teburinsa na jikin nawa, wajen tagar nan da ba ta rufuwa. Mutum ne mai shiru, ya manyanta, 'ya'yansa huɗu. Kullum da abincinsa a 'yar roba, kuma sai ya ce mini bismillah duk da ya san zan ce na ƙoshi. Shi ya rubuta sabuwar kalandar da ke nuna wa mutum kwana talatin a shafi ɗaya, kuma tun ranar da aka saka ta shafin ya koma jan ciki. Manaja ya leƙo ta kafaɗata, ya ga jan layin, ya ga sunan da ke gefe, ya ce, "Ai dama na faɗa." Ya ba Mai Gilashi zuwa ƙarshen wata, ko ya gyara ko ya tattara nasa ya nasa.

Abin da ya hana ni sukuni, Yaya, layin nan ba ya aikin komai. Ɗan aike ne kawai. Zuwa yake yi jakar tsofaffin rubuce-rubucenka, wadda har yau muke kira ɗakin Injiniya, ya tambaya ko likita na da gurbi ran kaza. Sau talatin yake zuwa, sau ɗaya don kowace rana. To ta yaya ɗan aike zai cinye sakan goma? Kai ne malamin, ka faɗa mini abin da na kasa gani.

Ka gaida mini Anti da yara. Ka riƙa motsa ƙafar nan ko ba ka so.

Ƙanwarka,
Auta

*

Asabar, 8 ga wata

Auta,

Wa alaikumus salam. Takarda ta iso. Jiki da sauƙi. Rubutun hagu ne, in kin ga kamar kaza ta bi ta kai ki yi haƙuri.

Sikeli ba ya ƙarya, kuma ba shi da ɗan uwa a ofis. Inda ya nuna, nan ne. Wa ya aiki mutumin ya yi tambaya ɗaya sau talatin? Masu rubutun yanzu kowa so yake a ga bajintarsa.

Ɗakina ki bar shi yadda yake. Shekara tara bai faɗi ba ko sau ɗaya.

Har yanzu hotona na bangon ɗakin taro? Shekaranjiya mai gasa mini ƙafa ya buɗe shafin a wayarsa, na ce masa ni na gina. Bai yarda ba sai da Antinki ta sa baki. Ya ɗan jima yana juyawa, na ce masa laifin sabis ne. Abin da ya rage mini in nuna ke nan, Auta. Sauran kuwa sai dai a ɗaga ni a ajiye.

Ki riƙa cin abinci. Kin rame a hoton da kika turo wa Antinki.

Yayanki

*

Laraba, 2 ga sabon wata

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ka yafe mini shirun da ka ji, aiki ne ya sha mini kai.

Shafin ya warke. Kafin ka ɗauke yatsa ya buɗe, ba ya kai sakan ɗaya. Manaja ya tara mu ya yi jawabi, aka tafa mini, na rasa inda zan sa fuskata. Hotonka na nan inda ka bar shi.

Mai Gilashi ya tafi ranar Juma'a. Ni aka miƙa wa kalandarsa na sake rubuta layin. Ya zuba kayansa a kwalin takardun firinta, ya bi mu tebur-tebur yana sallama, har mai shara bai bari ba. Yanzu teburin ba kowa, sai iskar tagar ke shigowa tana watsa mini takardu.

Ba ni da wani labarin. Kwana biyun nan ba na jin daɗin jikina, amma kada ka faɗa wa Anti, za ta cika mini jaka da magani. A gaida yara.

Ƙanwarka,
Auta

*

Lahadi, 6 ga wata

Auta,

Na amsa gaisuwa.

Ni na koya miki riƙe linzamin kwamfuta, don haka kada ki yi mini wayon yara. Na sa Antinki ta buɗe shafin ta ƙirga mini. Kwana talatin na nan cif. Ɗakina rana ɗai-ɗai yake amsawa, ni na gina shi haka. In tambaya talatin na nan kuma shafi na gudu, to ba a layi na 88 aka yi gyaran ba.

Kin shiga ɗakina. Me kika gani? Kuma in can kika gyara, me ya sa mutumin ya tafi?

Ki amsa da wuri. Hannun ya gaji.

Yayanki

*

Alhamis, 10 ga wata

Yaya,

Ina gaida ka. Ka tambaya, to ka ji, kuma kada ka bari Anti ta karanta maka wannan.

Ranar Talatar da wasiƙarka ta farko ta same ni, na karanta ta sau biyu a bakin ƙofar ofis. Ban taɓa jin ka ce a bar wani abu ba a auna ba, sai ranar. Ruwa ba ya tsami banza. Da na zauna sai na buɗe fayil ɗin da ke faɗa wa sikeli inda zai bi, fayil ɗin da ban taɓa ganin wani ya buɗe ba. A can ƙasa akwai jerin wuraren da aka hana shi shiga. Wuri ɗaya ne tak a jerin, ɗakin Injiniya. Ka fi ni sanin ma'anar wannan. In an hana sikeli shiga ɗaki, duk lokacin da aka ɓata a ciki sai ya rubuta shi a kan wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Na goge hanin na sake aunawa. Layi na 88 ya koma fari. Jan ya tashi ya sauka a cikin fayil ɗinka, layi na 412. Don a san ko likita na da gurbi a rana ɗaya, layin naka sai ya kwaso duk alƙawuran ganin likita da aka taɓa yi tun ranar da aka buɗe shafin, sama da miliyan biyu yanzu, ya yi ta tsintar na ranar ɗaya bayan ɗaya. Tsohon shafi sau ɗaya yake tambaya, shi ya sa muka saba da ɗan nauyinsa muna cewa tsufa ne. Mai Gilashi bai lalata komai ba. Ya yi tambayar sau talatin, abin da ke ɓoye ya fito fili.

Na daɗe ina kallon allon. Ba abin da ke yi mini yawo a ka sai maganarka, cewa abin da ya rage maka ka nuna ke nan. Kai ka riƙe ni bayan rasuwar Baba, kai ka zaunar da ni gaban kwamfuta ina kuka ina cewa ba zan iya ba, kai ka kawo ni ofishin nan. Na hango Manaja yana sauke hotonka, na hango labarin yana iso maka kana kwance ba ka ko iya kare kanka da baki. Ga kuma bawan Allah a gefena da 'ya'ya huɗu. Gaba kura, baya siyaki. Na mayar da hanin inda yake, na rufe allon, na tafi banɗaki na wanke fuska.

Sai na yi dabara, irin dabarar da mai tsoro ke yi yana ganin hikima ce. Na ce zan gyara layinka a ɓoye, shafi ya yi sauri, Manaja ya huce ya manta, kowa ya tsira. Gyaran bai fi kalma biyar ba, a ce masa ya ɗauko na ranar kaɗai. Amma duk wanda ya taɓa ɗakinka sai ofis gaba ɗaya ya gani, don haka na zauna jiran gyare-gyare masu yawa da zan cusa shi a tsakiyarsu.

Kwana tara na yi ina jira. A kwanakin nan Mai Gilashi ya sake rubuta layinsa iri goma sha huɗu, na ƙirga. Ya daina buɗe robar abincinsa sai an kusa tashi. Sau biyu yana juyo da kujerarsa yana cewa, "'Yar uwa, ko za ki ɗan duba mini? Ido biyu ya fi ɗaya." Na ce masa aiki ya yi mini yawa. Ni, Yaya. Na faɗa ina kallon madannai.

Ran ashirin ga wata haƙurin Manaja ya ƙare, ya karɓe kalandar ya ba ni. Na ce ga damata ta zo. Na canza wa layi na 88 'yan sunaye, kwalliya kawai, na cusa gyaran gaskiyar a ƙarƙashin tarin ƙananan canje-canje. Shafin ya tashi da gudu. Sai a lokacin na gane abin da na aikata. Abin da kowa ya gani shi ne Auta ta taɓa layin Mai Gilashi ya warke. Da hannuna na kawo shaidar da Manaja ke nema. Garin neman gira na rasa ido.

A wurin taro Manaja ya tambaye ni a gaban kowa, "Wai me ya lalata ne haka?" Na ce, "'Yan ƙananan abubuwa ne, ranka ya daɗe." Mai Gilashi ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga, ya mayar. Ko ƙarshen watan ba a bari ya cika ba.

Ina jin haushinka, kuma ina jin haushin kaina fiye da haka. Ka ce mini sikeli ba ya ƙarya. Gaskiya ne, amma ana ɗaure masa ido. Na faɗa wa kaina cewa wani ne a ofis ya sa hanin nan don girmama ka. Tarihin fayil ɗin na nan, dannawa ɗaya zai nuna mini sunan wanda ya rubuta da ranar. Yau kusan wata guda na kasa dannawa.

Ka huta lafiya, in ka iya. Ni na kasa.

Auta

*

Juma'a, 18 ga wata

Auta,

Sallama. Ba sai kin danna ba. Ni ne.

Layi na 412 na rubuta shi a makon farko, asibitin farko na jiran mu ranar Litinin. Alƙawura ɗari uku ne kacal a rumbun ajiya a lokacin. Na san ba daidai ba ne, na ce mako mai zuwa zan gyara.

A shekara ta huɗu na kawo sikeli. Kafin in nuna wa kowa na gwada shi a ɗakina, ya nuna mini jan layina. A makon nan kuwa na tsayar da wani ma'aikaci a gaban jama'a na yi masa tatas a kan kuskure irin wannan sak. In na gyara nawa, tarihi zai nuna, kuma shi zai fara gani. Sai na rubuta hanin. Na ce wa mutane ɗakin ya riga ya kammala, auna shi ɓata lokaci ne. Suka yarda, don ni ne. Wanzami ba ya son jarfa.

Da wasiƙarki ta farko ta zo, ban kai ƙarshenta ba na san ko wane layi ne. Na san akwai mutum mai 'ya'ya huɗu. Na ɗauki alƙalami na ce ki bar ɗakina, sannan na ba ki labarin mai gasa ƙafa don na san inda zai taɓa ki. Ba ciwo ne ya sa ni ba, da hankalina na yi. Ki daina ba ni uzurin majinyaci.

Ga wata takarda a ciki zuwa ga Manaja. Kwana uku na yi ina rubuta ta. Ki kai da hannunki. Nawa kaɗai na rubuta a ciki. Naki ke za ki faɗa da bakinki, tunda ke naki yana aiki.

Ban san ko ina da sauran bakin ce miki ki ci abinci ba.

Yayanki

*

Talata, 22 ga wata

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaida ka da iyali, da fatan kowa na lafiya. Mai gadin ofis ne ya ba ni kwatancen gidanka, shi kuma zai kawo wannan. Na kira wayarka sau uku ba ka ɗauka ba, kuma ban ga laifinka ba.

Layinka ba shi da laifi, bai taɓa yin laifi ba. Cutar tana cikin ɗakin Injiniya, layi na 412, kuma shi da kansa ya hana sikeli shiga wurin shekara biyar da suka wuce. Injiniya yayana ne, ka sani. Na gano wannan tun ranar 11 ga watan jiya na yi shiru, na gyara a ɓoye, na bar ka da laifin.

Jiya na kai wa Manaja takardar da yayana ya rubuta yana amsa nasa. Na roƙi a tara ma'aikata, na kunna sikeli a babban allo da tsohon rubutun, na cire hanin a gabansu, kowa ya ga inda jan ya sauka. Sannan na faɗi nawa, ban rage komai ba. Manaja ya ce zai kira ka da kansa, kujerarka na nan in kana so. Ni kuma ya ce zai yi tunani a kaina, ban roƙe shi komai ba.

Na san wannan ihu ne bayan hari. Ban rubuto don in wanke kaina ba. Ka zauna kusa da ni wata takwas ban taɓa ganin sharrinka ba, na saka maka da wannan. Ina roƙon ka yafe mini, don Allah.

Ka gaida maman yara. Na bar ka lafiya.

Maƙwabciyar teburinka

*

Asabar, 26 ga wata

Malama,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Saƙonki ya same mu lafiya, na gode da gaisuwa. Manaja ya kira. Na ce ya ba ni lokaci. A yanzu ina taya surukina gyaran firinta a shagonsa, ana dai lallaɓawa.

Abu ɗaya ne ba ki sani ba. Ranar Talatar nan, 11 ga wata, na dawo daga ɗibar ruwan sha na bi ta bayan kujerarki. Na ga allonki. Na ga jan layin, na ga lambar, na ga sunan fayil ɗin. Na koma na zauna cike da murna. Da na je gida na ce wa maman yara an gano, gobe za a wanke ni.

Ni ba zan iya faɗa ba. Baƙon wata takwas ya ce Injiniya ya yi kuskure, ga ƙanwarsa a zaune ta yi shiru, wa zai saurare ni? Sau biyun da na ce ki duba mini, ba taimako nake nema ba. Hanya nake ba ki.

Ki gaida Injiniya, Allah ya ba shi lafiya. Shi na yafe masa, bai san fuskata ba. Naki kuwa ina kan ƙoƙari, ki ƙara mini lokaci.

Wassalam.

Mai Gilashi